Takardar Asalin 'Yata

A Sabon Garin Kano aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da rijiya ɗaya, a Sabon Garin kuma na haifi 'ya'yana huɗu. Hausa nake koyarwa a sakandare. Mu Hausawa ne, kuma Kirista, abin da har gobe idan na faɗa wa baƙo sai ya sake duban hulata, kamar ita ce ta yi masa ƙarya. Maƙwabtanmu 'yan Kudu Malam suke ce min, a cikin gari kuma da an ji inda nake kwana sai a ce ashe ɗan Sabon Gari ne. Wannan bai taɓa hana ni sukuni ba, sai shekarar da babbar 'yata ta gama sakandare.

Yarinyar nan kwanya gare ta, ba don tana 'yata nake faɗa ba. Likita take so ta zama tun tana ƙarama, ta kuma ci jarrabawa da makin da ya sa malamanta suka tako har gida taya mu murna. Jami'ar da ƙarfina zai iya kai ta guda ɗaya ce, mai sauƙaƙa wa 'yan asalin jiha, wadda yawancin guraben karatun likitanta ma nasu ne. Sunan yarinya ya fito a jerin farko. Aka ce ta kawo takardunta cikin sati uku, har da takardar shaidar cewa ita 'yar asali ce. In babu, gurbin ya koma hannun wani. Ni da wautata na ce wannan ai ba aiki ba ne, yarinyar da aka binne cibiyarta a bayan ɗakinmu.

Mai unguwarmu ya karɓe ni da fara'a, don na koyar da 'ya'yansa biyu. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, takardar zama zan iya ba ka yanzun nan, kowa ya san a nan kuke. Amma ta asali ba inda aka haife ka take tambaya ba. Kakan yarinyar nan mutumin ina ne?"

Na ce ai shekararsa hamsin da bakwai a Kano.

Ya ce, "Na sani. Mutumin ina ne?"

Kakan yarinyar, wato Baba, mahaifina, ya baro ƙauyensu da ke bayan Zariya yana ɗan shekara goma sha tara, ya kama aiki a gidan waya, ya shekara talatin da biyar yana tantance wasiƙun mutanen Kano. Dattijon ikilisiya ne a majami'armu, inda ake sujada da Hausa, kuma ban taɓa ganin mai son ƙasar nan kamarsa ba. Idan rediyo ya saki taken ƙasa, ko loma ce a hannunsa zai ajiye ya miƙe, mu ma dole mu miƙe muna kallon miyarmu tana hucewa. Shi ya sayo tuta ya kafa a gefen mumbari. Da aka turo mana wani matashin fasto, sabon fitowa daga makarantar tauhidi, sai ya ce a fitar da ita, wai mai bi ƙasarsa tana sama, a duniyar nan baƙo ne mai wucewa. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Fasto, da Ubangijinmu ya zo duniya ba a iska ya tsaya ba. A wani gari aka haife shi, aka ƙirga shi a ƙidayar gwamnati, ya biya haraji, ya yi wa birnin mutanensa kuka. In shi bai raina zama ɗan wata ƙasa ba, ni wane ne?" Fasto ya yi shekararsa huɗu ya tafi, tuta ba ta motsa ba.

Da na kawo wa Baba maganar mai unguwa, ko a jikinsa. Ya ce doka ce, doka kuwa ba ta gaba da kowa. Da ƙyar ya yarda mu je mu shawarci Alhaji.

Alhaji amininsa ne na shekara hamsin, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Gidansu tsohon gida ne a Fagge, irin wanda ake kwatance da shi. A gidan waya suka haɗu, lokacin Alhaji yana saurayi bai iya boko ba, Baba ke karanta masa wasiƙun 'yan kasuwar Legas. Duk Kirsimeti Alhaji ke zuwa ya yanka mana rago da hannunsa, don maƙwabta Musulmi su ci ba tare da wasiwasi ba, duk Babbar Sallah kuma cinya guda tamu ce. Baba Alhaji muke ce masa.

Muka same shi a zaure bayan la'asar. Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Wannan ne ya hana ku sakat? Kai," ya nuna Baba, "ka manta ƙanena marigayi sunanku ɗaya? A kurmi ya yi rayuwarsa wajen fataucin goro, can ya rasu, ba wanda ya ƙirga 'ya'yansa. Gobe in ɗauki yarinyar nan in kai ta gaban mai unguwarmu in ce jikarsa ce. Sunanta, sunan ubanta, sunan kakanta, duk sunayen gidanmu ne, ba harafin da za a canja a takardun makarantarta. Hajiya ta ara mata hijabi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi shiru. Shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Sunayenmu na annabawa ne da matansu, irin waɗanda ake raɗawa a gidan Musulmi da na Kirista duka. Na ji kamar an sauke min buhun gero daga ka. Na dubi Baba, na ga tabarma yake kallo.

"Alhaji, na gode," in ji shi. "Amma ba zai yiwu ba."

"Don me? Ba ƙanena ba ne kai? Lokacin da gari ya rikice, a ɗakin wa kuka yi kwana uku, kai da iyalinka?"

"Ƙanenka ne ni har gaban Allah. Amma ba wancan ƙanen ba. Za ka tsaya ka yi shaidar zur saboda ni, kai da ka je Makka sau biyu. Ita kuma yarinya za a ɗauke ta a matsayin abin da ba ita ba, ta yi shiru. A wurinmu wannan shirun musun Ubangiji ne."

"Zunubin a wuyana, na ɗauka."

"Wuyan naka nake tausayi."

Ran Alhaji ya sosu. Ya rako mu har bakin titi, ya ce a gaida gida, ya juya.

A cikin adaidaita sahu na daure saboda direba. Da muka sauka kusa da kasuwar Sabon Gari sai haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na zazzage abin da ke cikina.

"Baba, wa za mu cuta? Makin nan ita ta ci abinta."

"Ƙasa za mu cuta. Da wata yarinyar da ke bayanta a layi, wadda takardarta ta gaskiya ce."

"Ƙasar da ka yi wa bauta shekara talatin da biyar, kake mata addu'a duk Lahadi, ta ce jikarka baƙuwa ce a garin da aka haifi ubanta?"

"Son ƙasa ba ciniki ba ne, da za ka ce ba a yi maka gyara ba ka fasa. Maƙiyi ma an umarce mu mu ƙaunace shi, balle ƙasarmu."

"To ka faɗi haka a majami'a mana, Baba. Ka ce a sahun maƙiya muke ƙaunarta."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, 'yan dako suna ratsa mu da kaya. Na ga maganar ta shige shi, na kuma ji daɗin hakan, abin da har yau nake jin kunyarsa. Can ya ce, "Muna da gari. Jibi mu je mu karɓo ta gaskiya." A jami'ar dai an ce min mai takardar wata jiha zai iya gwada sa'arsa a 'yan guraben da aka rage wa baƙi, amma wanda ba shi da ko ɗaya fayil ɗinsa ba ya ko motsi. Na ce to, mu je.

Rabon Baba da ƙauyen tun jana'izar mahaifiyarsa, shekara talatin da wani abu. Shi kaɗai ya rayu a ɗakinsu, saboda haka jikokin baffansa ne a gidan. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa bikin aure, muka sayi burodi da sabulu da turmin atamfa, muka hau mota. Daga bakin kwalta 'yan acaɓa suka ɗauke mu.

A nan Baba ya yi kuskuren da mazaunin ƙauye ba zai taɓa yi ba, sai wanda birni ya daɗe da cinyewa. Maimakon mu wuce gida a gaisa, a sha ruwa, a bar masu gida su tambayi abin da ya kawo mu, sai ya sa 'yan acaɓa suka tsaya a bakin gonar mahaifinsa. Ya sauka ya kutsa cikin dawa da babbar riga, yana nuna min da sanda. Daga ɗorawar can zuwa wancan rafin duk namu ne, nan ake sa ni korar tsuntsaye, nan kakarka take ajiye tulun ruwa. Idonsa ya cika da ƙwalla. Ni ma ban farga ba, ina biye da shi ina gyaɗa kai. Mata biyu da ke roron wake a gonar gefe suka miƙe suna kallon wani dattijo daga birni, da ɗansa mai biro a aljihu da fayil a hammata, suna auna gona da sanda.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa irin wadda ake wa mai karɓar haraji. Gonar nan sun daɗe da raba ta tsakaninsu, kowa ya yi mata iyaka da aduruku. Duk wanda ya yarda Baba ɗan gidan ne, ya yarda yana da gado a cikinta ke nan.

Dagacin ƙauyen bai wuce sa'ana ba. Ya ce abu ne mai sauƙi, mutum biyu daga gidan su shaida, shi kuma ya rubuta. Aka kira babban cikinsu, wanda shi ma dattijon ikilisiya ne a majami'ar ƙauyen. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun dai taɓa ji an ce wani daga gidanmu ya tafi Kano tun kafin a haife mu. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, Allah ne masani. Ba za mu yi shaidar abin da ba mu tabbatar ba."

Baba ya lissafa masa kakanni har hawa huɗu. Ya faɗi inda kabarin kowa yake. Ya ce, "Ɗana, ba gona na zo nema ba. Takarda ce ta makarantar yarinya."

"Ai takardar ce, Baba. Yau ta makaranta ce."

Dagaci ya ce mu dawo bayan kaka, a zauna da dattawa a bincika. Kwana tara suka rage mana. Burodi da sabulu da atamfa kuwa sun karɓa, har da godiya.

Muka hau motar komawa Kano, har muka wuce Kwanar Dangora. Sannan Baba ya ce, "Yaron nan a magana ya yi daidai. Ba a shaidar abin da ba a sani ba." Na juya ina kallon taga. Da na buɗe baki a lokacin, da na faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba.

'Yata ba ta yi kuka ba, shi ne ya fi karya min zuciya. Ta tattara littattafanta ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado, ta fara tambayar mahaifiyarta inda ake koyon ɗinki. Kwana huɗu na iya daurewa. A na biyar na yi addu'a, ba ta neman shiriya ba, don na riga na yanke shawara. Na dai sanar da Ubangiji ne abin da zan yi. Da safe na ce wa Baba za mu jami'a roƙon ƙarin lokaci, na ɗauke ta muka nufi Fagge.

Alhaji bai tambaye ni ko Baba ya sani ba. Hajiya ta ɗauko hijabi ruwan ƙasa na 'yarta ta sa mata, ta gyara mata shi a haɓa, ta ce ya yi mata kyau. Muka wuce wurin mai unguwarsu, tsoho ne tukuf, a kan buzu. Alhaji ya yi bayani a taƙaice. Tsohon ya ɗago ya dubi yarinyar da kyau, fuskarsa ta yi taushi, ya ce, "Allah ya jiƙan kakanki. Tare muka yi allo. Mai faɗa ne, amma ba ya riƙo."

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji 'yata ta ce, "Amin."

Ya sa aka rubuta wasiƙa, ya buga hatimi. Daga nan sai gaba, tebur bayan tebur, cikin kwana uku takarda ta fito. Ba wanda ya ɓata mana lokaci, ba wanda ya nemi na goro. Wani ma'aikaci har cewa ya yi Allah ya sa ta dawo ta duba iyayenta mata na unguwa. Na so a wulaƙanta mu ko sau ɗaya, in sami wanda zan tsana, amma kowa kirki ya yi mana.

Na gaya wa Baba jami'a ta karɓi takardar zama saboda kyan makinta. Ranar Lahadi ya miƙe a gaban jama'a lokacin godiya, ya ce, "'Yan'uwa, kun gani. Wanda ya tsaya a kan gaskiya ba ya kunyata. Ƙasar nan har yanzu akwai masu tsoron Allah a ofisoshinta." Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Ina zaune a sahu na uku, ban san inda zan sa idona ba.

Ana gobe za ta tafi, da hantsi, Baba ya ce ta kawo fayil ɗinta ya jera mata takardu. Halinsa ne na ma'aikacin gidan waya, ba takardar da za ta bi ta hannunsa bai karanta ba, ko ta ƙunshin ƙosai ce. Na tuna da haka ne bayan ya riga ya sa tabarau. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan kwafin wasiƙar mai unguwa, inda aka rubuta cewa wance 'yar wane ce, jikar marigayi Malam wane na gidan Alhaji wane a Fagge. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Ni da yarinyar muna tsaye.

"A wace shekara na rasu?" ya tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. Yarinyar ta durƙusa ta fara kuka, kukan da ba ta yi ba tun farko. Bai yi mata faɗa ba. Ya ninke wasiƙar a kan tsohon layinta, ya mayar cikin fayil, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki adana ta, kada ruwa ya taɓa ta," in ji shi. "Shekara saba'in da shida, ita ce takarda ta farko da ta ce ni ɗan wani wuri ne."

Lahadin da ta biyo ya ajiye dattijancin ikilisiya. Ya ce wa majalisa tsufa ne. A gida ya ce min wanda gidansa ba ya kan gaskiya bai isa ya tsaya a gaban jama'ar Allah ba, kuma da bakinsa ya yi shaidar ƙarya a mumbari, ko da bai sani ba. Na ce laifina ne, ni zan tashi in faɗa. Ya ce in na faɗa za a kori yarinya, a kama Alhaji. Ka ga ke nan shi ma ya shiga cikin masu shiru. Da Alhaji suna gaisawa har yanzu, amma zaman zaure ya ƙare.

Na sha juya gardamar Baba da matashin faston nan a raina. Ɗaya ya ce mai bi baƙo ne, ɗaya ya ce ɗan gida ne wanda aka ɗora wa ƙaunar gidan. Na so a ce Baba ne da gaskiya, don koyarwarsa ta fi kyau, ta fi kuma wahala. Amma ban ga inda ta kai shi ba. Waɗanda suka ƙi shi da sunan gaskiya 'yan'uwansa ne a jini da baftisma, wanda ya karɓe mu da ƙauna kuma da ƙarya ya karɓe mu. Ni dai yanzu ba na son ƙasar nan, ba na kuma ƙin ta. Duk safiya ina tsayawa a filin makaranta ana taken ƙasa, don aikina ne, ina lura da yaran da ba su cire hannu daga aljihu ba.

Yarinyar tana shekara ta uku. Na ɗauka hijabin na wuni ɗaya ne. Ashe a ɗakin kwanan ɗalibai an haɗa ta da 'yan Fagge biyu, ɗaya ma jikar mai unguwar nan ce, wadda ta rungume ta tun ranar farko ta ce ga 'yar gidan Alhaji. Ta ce musu a ɗaki take son yin sallarta ita kaɗai, suna yi mata tsiya wai ustaziya. Ranar Lahadi laburare take wuni. Ta ce min in ta gama za ta gyara komai, na ce to, ban tuna mata cewa da takardar nan za ta nemi aiki ba. Ƙanenta kuma baɗi zai gama sakandare, Alhaji har ya aiko a ce min in lokaci ya yi in kawo shi.

Watan jiya na raka Baba asibiti awon jini. Muna zaune a benci muna jiran layi, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yarinyar nan, wace majami'a take zuwa a can?"

Na ce akwai wata ƙarama kusa da ƙofar makaranta, har ta shiga ƙungiyar mawaƙa. Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Bakina ko nauyi bai yi ba.